Motar Da Ta Tashi Da Kanta

Oga Lucas ya fito daga ramin gareji da tocila a hannu. Bai kalli direba ba, Hajiya Barira ya kalla.

"Hajiya, motarki ba lalacewa ta yi ba. Sata aka yi mata."

Hajiya ta miƙe daga benci har mayafinta ya zame. "Sata? Ga mota a gabana, me aka sata?"

Farar jif ce, irin manyan nan masu tsada, mai aiki da fetur da batir. In tana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, injin yana barci, ko motsinta ba a ji. Shi ya sa mutanen Ƙofar Kuyambana suke kiran ta Mai Sanɗa. Hajiya ta saye ta ne da ribar atamfa da leshi bayan rasuwar mijinta, saboda an ce mata ba ta shan mai. Haka kuwa aka yi, sai 'yan kwanakin nan da ta koma shan fetur kamar gingimari. Shi ne aka kawo ta garejin Lucas a Ƙofar Doka, mutumin Wusasa da ya ƙware a irin waɗannan motoci.

"A cikin salansa akwai wani abu kamar saƙar zuma," in ji Lucas. "Mu makanikai indomi muke ce masa. Shi ke tace hayaƙi. Na irin motarki ya fi kowanne daraja a kasuwa, don injinta ba ya yawan aiki, abin ba ya saurin ƙonewa. An yanka salansar, an ƙwaƙule shi, an mayar da kwanon wayam an liƙe da walda. Tun daga nan lissafin injin ya rikice. Yana zuba mai fiye da kima, kuma ba ya son kwanciya."

Malam Bahago, ƙanin marigayi mijin Hajiya, shi ya rako ta. Dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke zama a zaurenta yana sallamar baƙi. Ya juya kan direba da ƙarfi.

"Na faɗa miki! Tun yaushe nake faɗa miki! Ku riƙe shi kada ya gudu!"

Seth direba bai gudu ba. Yana tsaye da tsumman goge mota a kafaɗa, bakinsa a buɗe.

"Hajiya, ni ne fa na ce a kawo ta."

"Don ka rufe ni!" in ji Hajiya. "Makulli a hannun wa yake kwana yake tashi?"

Kafin rana ta yi zafi Seth yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

An ba Sajan Sumayya aikin. 'Yar cikin birni ce, siririya, ba ta da yawan magana, amma abin da ta gani sau ɗaya ba ya ɓace mata. Dipi'o ya ce mata Hajiya ta matsa, gobe da safe za a kai direba kotu, daga can kuma sai gidan yari kafin a fara shari'a.

"In kina da wani abu daban, ki kawo shi yau," in ji shi.

A bakin ofis ta tarar da wata tsohuwa zaune a kan dakali, sanye da zanen zumuntar matan coci, ta rungume kwanon abinci. Mama Dina ce, mahaifiyar Seth.

"'Yata, ko ruwa bai sha ba," ta ce. "Yaron nan tun maigidan yana da rai yake tuƙa su. Shi ya kai shi asibiti, shi ya dawo da gawarsa. Yau shi ne ɓarawo?"

"Mama, ba ni kwanon. Zan ba shi da hannuna."

Seth bai taɓa abincin ba. Sumayya ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Yaushe ka fara ganin canji a motar?"

"Ran Litinin da safe, Madam. Ina danna maɓalli injin ya tashi, kuma ya ƙi kwanciya. Muryarta ta yi kauri. Hayaƙin yana wari. Ga wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari."

"Me ka yi?"

"Abin da na saba. Na auna iskar tayoyi, don taya in ta yi laushi mota tana jan mai. Na cire matatar iska na kakkaɓe. Na duba baƙin mai, lafiya lau, irin siririn da aka ce a riƙa zuba mata. Na share tagar da ke ƙarƙashin kujerar baya."

"Wace taga?"

"Ta nan batir yake shan iska. Duk bikin da za a yi a unguwa Mai Sanɗa ake ara a ɗauki amarya, Hajiya ba ta iya cewa a'a. Mata su cika baya, zannuwa su toshe tagar, ƙyalƙyali da ƙura su shiga. In batir ya yi zafi sai ya bar wa injin aikin, mai ya yi ta tafiya. Na zaci shi ne. Na share, ba ta daina ba."

"Kana sayen man bumburutu?"

Seth ya ɗago kai kamar an zage shi. "A wannan motar? Madam, ko birki ba na taka mata da ƙarfi. Tun daga nesa nake sassautawa, don a haka batir yake cika."

"Ran Lahadi kana ina?"

"Coci a Wusasa. Bayan sujada muka zauna koyon waƙa har yamma. Ran Lahadi ba na aiki. Daren Asabar nake ba Hajiya makulli."

"Wa ke tuƙa ta in ba ka nan?"

Ya rage murya. "Rilwanu. Autan Hajiya."

"Me ya hana ka faɗa a gareji?"

"A gaban uwarsa?"

Sumayya ta tura masa kwanon. "Ci. Mamanka tana waje, ba za ta tafi ba sai ta ga kwanon nan wayam."

Ta tari keke ta koma Ƙofar Doka. Motar tana nan a kan rami. Lucas na ganin kaki ya fara goge hannu da sauri.

"Oga Lucas, wa ya yi wa motar nan sabis na ƙarshe?"

"Ni ne."

"Kana da injin walda?"

"Ga shi can."

"Ka san darajar abin da aka sata, ka san inda ake sayar da shi. Me zai hana in ce kai ne?"

Lucas ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Madam, in ni ne, zan kira mai mota in nuna mata? Sai in ce batir ne ya mutu, in ƙara cin wani kuɗin. Kuma zo ki ga waldar. In yarona ya yi irin wannan kashin kajin, a ranar zan sallame shi."

Ta soke hijabinta cikin ɗamara, ta karɓi tocila, ta sauka rami da kanta. Waldar kuwa ba ta da kyan gani, ƙulu-ƙulu, aikin gaggawa. Ta haska gefe. A jikin ƙarfen da ke sama da wurin yankan akwai baƙi-baƙi da ya fantsama kamar an fesa.

"Wannan fa?"

Lucas ya sunkuyo. Ya shafa da yatsa ya sansana. "Hayaƙi ne." Sai ya daka tsalle ya fita daga ramin. "Tsaya, Madam, tsaya!"

Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari yana latse-latse.

"Kin gani! Ɗazu ban kula ba. Akwai wata na'ura a jikin salansa mai gaya wa injin yawan man da zai sha. Dole a zare wayarta kafin a yanka. To motar ta ajiye a ƙwaƙwalwarta cewa injin ya tashi alhali wayar tana zare. Da a kashe take, ba za ta san an taɓa ta ba!"

"Kana nufin suna cikin yankan injin ya tashi?"

"Da salansa a buɗe! Wallahi duk wanda ke ƙarƙashinta a lokacin ya ga tashin hankali."

"Wa zai tayar da injin alhali mutum yana ƙasa?"

"Ba kowa. Ita ta tayar da kanta. Motar nan in kin tsaya kin sa ta a fakin, tsit za ki ji, amma a kunne take sai kin danna maɓalli. In esi mai sanyaya mota yana aiki, batir yana raguwa, can sai injin ya tashi da kansa ya cika shi."

Sumayya ta sake sunkuyawa. Ta bi bututun da tocila a hankali, daga wurin waldar zuwa wajen injin. Can ta hango wani abu ya manne. Ta sa farce ta ɓamɓaro. Ɗan ƙyalle ne, ruwan toka, gefensa ya narke ya ƙanƙance, irin yadin nan mai santsi da ake ɗinka kaftani da shi.

"Oga Lucas, Seth ya san motar tana tashi da kanta?"

"Seth? Shi da yake tafa hannu ya kori awaki daga ƙarƙashinta kafin ya motsa, don ba sa jin ta? Ya fi ni sanin halinta."

Ta naɗe ƙyallen a takarda ta sa a aljihu.

Mota ba ta shiga lungun Hajiya Barira. A wani fili kusa da ganuwa ake ajiye ta, a ƙarƙashin rumfar kwano, daga nan a taka da ƙafa. Sumayya ta bi lungun tana raɓe wa masu turin kura, har ta iso zauren. Malam Bahago yana kishingiɗe a kan darduma, cikin babbar riga, carbi a hannu. Zauren yana ƙamshin turaren wuta mai ƙarfi. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari kaɗan, ɗaci-ɗaci. Ta san shi, amma ta rasa daga ina.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, 'yar nan. Har yanzu ba ku kai shi kotu ba?"

"Gobe, in Allah ya kai mu. Baba, ran Lahadi kana gida?"

"Ina wajen karatu a wata unguwa. Ni ba ruwana da motar nan. Tsohuwar akori-kurata ta ishe ni. Wannan ko sitiyarinta ban taɓa riƙewa ba."

Hajiya ta aiko da zoɓo mai sanyi. Mai aiki ta durƙusa ta miƙa wa Malam Bahago kofi. Ya karɓa da hannun hagu, ya yi sauri ya dire a ƙasa, bai sha ba. Sumayya ta sunkuyar da kai tana kurɓar nata. Ta lura kuma ya naɗe rigarsa a kafaɗar hagu, ɓangaren dama kuwa ya sake shi har ƙasa, duk da zafin da ake yi.

Aka kira Rilwanu. Ya fito da rigar ƙwallo, yana murza ido. Ta ja shi waje, gindin katanga.

"Ran Lahadi kai ka ɗauki amarya?"

"Ni ne, Anti. Da hantsi aka kai ta gaisuwar dangi, da azahar na dawo."

"Daga nan?"

"Na kai mota aka wanke, na zauna a wurin har la'asar, na kawo wa Hajiya makulli."

"Ka rasa wasan ƙwallon ran Lahadi ke nan. Na ji an ce an ci ku."

"An ci wa? Anti, wa ya gaya miki? Tun ana take wasa muka zura ɗaya, da ka! Golansu ko motsi bai yi ba, gidan kallo kamar zai tsage..."

Ya tsaya. Sumayya tana kallon sa.

"A wurin wankin motar aka nuna wasan?"

Rilwanu ya dafe ƙeya. "Don Allah kada ki gaya wa Hajiya. Ta ce makulli daga hannuna sai hannunta. Na ga zan makara, sai na ajiye mota a rumfa, na rataye makullin a ƙusar zaure na ruga. Da na dawo yana nan a ƙusa. Na leƙa mota na ga an wanke ta tas, na ɗauka Seth ne ya biyo."

"In ka tsaya da motar, yaya kake sanin ta mutu?"

"Sai koren rubutun nan na gaba ya ɓace. Ranar da Seth ya fara koya mini, abin da ya fara gaya mini ke nan. Ya ce shirunta ƙarya ne."

Ta kama hannayensa biyu ta juya. Ba tabo ko ɗaya.

"Je ka. Ka yi shiru da bakinka."

Tana tafe a lungu tana tunanin warin nan na zaure. Ta wuce wata mai tuyar ƙosai, mai ya fantsamo, matar ta janye hannu tana yarfewa. Nan take Sumayya ta tsaya cak. Ta ɗaga hannun rigarta ta kalli wani tsohon tabo a wuyan hannunta. Tana ƙarama kunu ya zubo mata, kakarta ba ta kai ta asibiti ba. A cikin birni wanda wuta ta ƙona gidan maƙera ake kai shi, don su ne masu maganin ƙuna tun kaka da kakanni. Warin maganinsu ne!

Ba ta jira keke ba. Da sassarfa ta ratsa lunguna har ta fara jiyo ƙarar guduma.

Baba Abdullahi yana zaune nesa da wutar maƙera, tsufa ya hana shi ɗaga guduma, amma magani har yanzu a hannunsa yake. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kama hannunta ya duba tabon.

"Aikina ne wannan. Jikar mai koko ce ke. Kin zama 'yar sanda?"

"Na zama, Baba. Tambaya na zo yi. A 'yan kwanakin nan an kawo maka wanda ya ƙone a hannu?"

"Kullum ana kawowa."

"Babban mutum. Namiji."

Tsohon ya saki hannunta. "Wanda ya zo neman magani amana ne. Ba na faɗin suna, ko hukuma ce ta tambaya."

"Ban ce ka faɗi suna ba, Baba. Akwai wani bawan Allah a kulle, gobe za a kai shi gidan yari a kan abin da bai yi ba. Uwarsa tana zaune a rana tun safe. Ƙunar kawai nake so ka gaya mini."

Baba Abdullahi ya gyara zama.

"Ya ce mini butar shayi ce ta kife masa. Na yi shiru. Ƙunar ruwa gangarowa take yi. Wannan kuwa a dame take wuri ɗaya, a lanƙwashe, kamar an ɗora masa bututu mai zafi. Har da yadin riga a cikin naman, sai da na tsince."

"Hannun dama?"

"Ban ce ba, ban kuma musa ba." Ya matso kusa. "Amma in kin gan shi ki ba shi saƙona. Na ce kada ya rufe ciwon, maganinmu iska yake so. Da ya dawo na ga ya ƙunshe shi cikin riga, har ya fara ruwa. In bai buɗe ba zai rasa hannun."

Sumayya ta yi godiya. Tana fita ta kira Lucas a waya, ta gaya masa abin da take so ya yi. Lucas ya ce, "Madam, ke fa ba ki da dama!" Sannan ta kira ofis ta ce a turo mata kurata biyu, ta aika wa Hajiya cewa ana bukatar ta da Malam Bahago da Rilwanu a gareji bayan la'asar, don a kammala shaidar da za a kai kotu.

Suka zo. Motar tana kan rami, tsit. Lucas yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, kamar yana gyara wani abu a rediyo.

"Hajiya," in ji Sumayya, "kotu za ta so wani daga gidanku ya ce ya ga ɓarnar da idonsa. Ke ba za ki shiga rami ba. Baba shi ne babba, shi ya kamata."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Malam, taimaka ka duba."

"Ga Rilwanu nan, yaro ne."

"Maganar dattijo ta fi nauyi a gaban alƙali, Baba," in ji Sumayya. Ta miƙa masa tocila ta ɓangaren damansa. Ya juyo ya karɓa da hagu.

Ya taka matakala ta farko, ya tsaya. Ya kalli ƙarƙashin motar. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"A kashe take?"

"Haba Malam," in ji Hajiya, "ba ka ji shiru ba?"

"Shirun motar nan ba abin yarda ba ne. A tabbatar tukuna."

"Ashe ka san halinta, Baba," in ji Sumayya a hankali. "Ɗazu ka ce ko sitiyarinta ba ka taɓa riƙewa ba."

"Ji nake yi ana faɗa!"

Ya ga duk an zuba masa ido. Ya cije, ya sauka, ya sunkuya a ƙarƙashin salansa. Sumayya ta gyaɗa wa Lucas kai. Lucas ya ɗan taɓa totur.

Injin ya tashi da gurnani.

"Wayyo Allah hannuna!"

Malam Bahago ya yar da tocila. Ya yi baya, ya haye matakala da rarrafe, hularsa ta faɗa rami. Hagunsa ya kai ya kare damtsen dama, babbar rigar ta zame daga kafaɗa. Hannun kaftaninsa a tsage yake an saki ɗinkin. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ga ciwo nan, baƙi ƙirin da maganin maƙera, a lanƙwashe kamar bututu.

Lucas ya danna maɓalli. Garejin ya yi tsit. Har yaran da ke kwance taya sun tsaya.

"Ba abin da ya taɓa ka yanzu, Baba," in ji Sumayya. "Wancan karon ne ya taɓa ka."

"Shayi ne! Butar shayi ce!"

Ta warware takarda ta nuna ƙyallen. "Wannan a jikin bututun motar na ɓamɓaro shi. In an je ɗakinka za a sami kaftani ruwan toka da hannunsa ya ƙone, ko a sami wanda ya san ka da shi ya daina ganin sa."

Hajiya ta juya ta kalle shi. "Malam? Me nake ji haka?"

"Hajiya, ga yadda aka yi," in ji Sumayya. "Ran Lahadi da rana an bar makulli a ƙusar zaure." Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Wanda ke zaune a zauren ya gan shi. Ya iya tuƙi, amma tsohuwar mota ya sani, wadda in ta yi shiru ta mutu. Ya kai ta wurin mai walda, ya sa ta a fakin, ya ji tsit, ya fito ya bar esi yana aiki. Ya shiga ƙasa yana riƙe wa mai walda bututu don a yi sauri kafin a tashi daga ƙwallo. Batir ya ragu, injin ya tashi da kansa. Hayaƙi mai zafi ya feso, ya firgita ya buga hannu a ƙarfe. Da aka gama ya sa aka wanke ta don a ɓatar da sawu. Seth ba zai yi wannan kuskuren ba. Oga Lucas ba zai yi ba. Rilwanu ma an koya masa. Duk wanda ya san motar nan ya san shirunta. Wanda bai sani ba nake nema."

"To yaya aka yi kika gane shi ne?" in ji Lucas.

"An miƙa masa zoɓo ya karɓa da hagu. Ko da sunansa Bahago, dattijo mai carbi ba zai karɓi abin sha da hagu a gaban baƙuwa ba. Ya naɗe riga a kafaɗa ɗaya. Ya cika zaure da turare, amma maganin maƙera ba ya ɓuya, ni ma an taɓa shafa mini. Bai je asibiti ba don kada a yi masa tambaya. Ya manta a cikin birni kowa ya san inda mai ƙuna yake zuwa."

Malam Bahago ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Duk ƙarfin muryarsa ya tafi.

"Motar ɗan'uwana ce," ya ce. "Dukiyar gidanmu ce. Ina zaune a zaure kamar maigadi, bare yana riƙe da makulli. Na ce ki ba ɗana tuƙin, kin ƙi."

"Da gumina na saye ta, Malam, ka sani," in ji Hajiya. Hawaye ya zubo mata. "Kuma da ka bari an kai yaron mutane gidan yari? Kana kallo?"

Da kurata suka matso ya faɗi sunan mai waldar da inda rumfarsa take a bayan ganuwa. Ɗaya daga cikinsu ya zaro ankwa.

"Kada ka sa masa a wannan hannun," in ji Sumayya. "Asibiti za mu fara biyawa. Baba, mai maganinka ya ce in gaya maka ka bar ciwon a buɗe, in ba haka ba za ka rasa hannun. Yanzu dai ba sauran abin ɓoyewa."

Kafin magariba aka kamo mai walda. Bai ma kai ga sayar da abin ba, yana cikin buhu a ƙarƙashin bencinsa, yana jiran ƙura ta lafa. Lucas ya duba ya ce ya farfashe, ba zai koma ba, sai an sayi wani.

Rilwanu ne ya tuƙa Hajiya zuwa ofis. Mama Dina tana nan a kan dakali inda aka bar ta. Da aka fito da Seth ta tashi ta rungume shi, tana shafa kansa kamar ƙaramin yaro, tana waƙar godiya ƙasa-ƙasa.

Hajiya Barira ta tsaya a gabansu. Sai kawai ta durƙusa a gaban tsohuwar, da leshinta da gwala-gwalanta, a kan ƙasa.

"Mama, ki yafe mini. Seth, ka yafe mini. Na ci amanar shekaru da bakina."

"Tashi, Hajiya, tashi, mutane suna kallo," in ji Mama Dina. Amma sai da ta bari ta ɗan jima kafin ta kama hannunta.

Hajiya ta miƙa makulli da hannu biyu. Seth ya kalli uwarsa. Mama Dina ce ta karɓa. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Zai koma, amma da sharaɗi. Ran Lahadi yana hutu, to motar ma ta huta. Makullin ya bi shi coci."

"Amaren unguwa fa, Mama?" in ji Rilwanu.

"Su yi aure ran Asabar."

Har Sumayya sai da ta yi dariya ta rufe baki da hijabi.

Seth ya karɓi makulli. Bai shiga ba. Ya zagaya motar a hankali, ya danna tayar baya da babban yatsa, ya girgiza kai ya harari Rilwanu.

"Yini ɗaya na bar maka ita, har ta sace iska."

Sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tafa hannu sau biyu. Wata akuya ta fito tana miƙa, ta kalle shi, ta wuce abinta. Ya buɗe wa uwarsa ƙofar gaba. Hajiya ta shiga baya da kanta, ta tattare zaninta daga bakin tagar batir ba tare da an ce mata ba.